In Tsohuwar Jif Ta Fara Kuka Daga Ƙarƙashi

Ran nan na bi ta Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, na iske wani ɗan kasuwar albasa zaune a bakin gareji ya yi tagumi. Motarsa tsohuwar Land Cruiser ce, da ita yake ɗauko albasa daga fadamun Goronyo da Wurno. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Ina fa lafiya, Malam! Motag ga kuka takai tun watan jiya. An sake giyabos, kuka bai bari ba." Muna nan zaune aka ɗaga motar, wani dattijon makaniki ya kama ƙafar baya ta dama ya juya da hannu, ya kara kunne. Sai ga kukan nan, gurrr, yana fitowa daga boris ɗin ƙafa. Ashe giyabos ɗin da aka cire ba abin da ya same shi. Kuɗin boris kuwa bai ko kama ƙafar kuɗin giyabos ba, ga kuma kasuwa uku da Alhaji ya rasa motar na kwance.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu yi wannan magana a filinmu na makon nan ke nan. Jif ba motar ado ba ce ga manomi. Ita ke shiga fadama ta fito da albasa da shinkafa da tattasai, ita ke kai taki gona, ita ke ratsa yashin Tangaza da na Gada inda ƙaramar mota ba ta ko gwadawa. Yawancin waɗanda ke hannunmu kuwa tsofaffi ne. Land Rover dai a 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, kuma tun asali domin manoma aka yi ta. Wadda ake kira Defender a 2016 aka daina yin tsohon samfurinta. Land Cruiser ta Japan ta sami sunanta a 1954, Pajero kuwa ta fito a 1982. Wadda duk ka gani cikinsu a hannun talaka, ka tabbata ta ci ƙasa kafin ta iso gare shi. Tsohuwar mota kuwa ba ta rasa kuka. Abin da ake so shi ne mai ita ya san bakin kukan, ya san wanda za a yi haƙuri da shi har a gama kakar albasa, da wanda in an ji shi tilas a tsaya nan take.

HANYAR DA ƘARFI KE BI

Kafin mutum ya gane kuka sai ya san masu yinsa. Inji shi ke haifar da ƙarfi. Ƙarfin nan ya bi ta kuloci ya shiga giyabos. A ƙaramar mota daga nan sai ƙafafu, amma jif tana da wani akwati na biyu manne a bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfin gida biyu, gaba da baya. Mu kira shi akwatin rabo. A cikinsa ne giyar taimako take, wadda ake sawa in an shiga yashi ko taɓo. Daga akwatin rabo farfela biyu suka fita, watau dogayen sandunan ƙarfen nan masu juyawa a ƙarƙashin mota, ɗaya ta nufi aksul na gaba, ɗaya na baya. A tsakiyar kowane aksul akwai wani kumburi kamar tulu. Cikin tulun nan ƙaramin haƙori, finiyo, yana tura babban haƙori mai faɗin faifai, kurawun, shi kuma ya juya sanduna biyu masu zuwa ƙafar dama da ta hagu. Kowace ƙafa tana juyawa a kan boris.

Duk waɗannan ƙarafa a ɗaure suke da shasi ɗaya. Don haka kuka yakan yi tafiya. Abin da ke kuka a baya sai direba ya ji shi ƙarƙashin kujerarsa, ya rantse giyabos ne. Nan ne asarar take farawa.

TAMBAYA UKU

Ka sami hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba cunkoso, da sassafe, mota ba lodi. Ka kashe rediyo, ka ɗauki yaron mota ya zauna a baya, domin kunne biyu a wuri biyu sun fi guda.

Tambaya ta fari, kukan nan inji yake bi ko gudun mota? Ka kai motar gudun da takan yi kukan, sa'an nan ka sa ta a firi, inji yana aiki, ka bar ta ta gangara da kanta. In kukan ya faɗi tare da ƙarar inji, to na inji ne ko na bakin giyabos. In kuwa yana nan, yana raguwa sannu sannu yadda gudun motar ke raguwa, to laifin yana daga akwatin rabo zuwa ƙafafu. Ka kuma gwada a tsaye, ka taka totur mota ba ta tafiya. Kukan da ya fito a tsaye ba ruwan farfela ko aksul da shi, sau da yawa ma salansa ce ta kwance tana bugun shasi, ko kujerar inji ta tsage.

Ta biyu, yana sakewa in ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa? Haƙoran giya da na aksul su ne ke sake murya da taka totur, domin gefe ɗaya na haƙori ke aiki in ana ja, ɗaya gefen kuma in an saki. Boris ɗin ƙafa da taya ba ruwansu da totur.

Ta uku, yana sakewa in ka karkata sitiyari? Kana tafiya a hankali ka ɗan karkata dama, ka komo hagu, kamar mai kauce wa rami. Kukan da ke ƙaruwa a gefe ɗaya ya ragu a ɗaya, na ƙafa ne.

Wanda ya amsa tambayoyin nan uku kafin ya shiga gareji, ya riga ya yi rabin aikin makaniki.

KULOCI DA GIYABOS

Wannan gwaji a tsaye ake yinsa, mota a firi, inji yana aiki. In ka taka kuloci ka ji tsuwwa ko shuuu, ka saki ta ɗauke, to ɗan boris ɗin da ke tura kuloci ne ya bushe. Shi kansa ba shi da tsada, amma sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, don haka in an buɗe a duba farantin kuloci gaba ɗaya, kada a biya ladan saukewa sau biyu. In kuwa akasin haka ne, watau tana gurnani ƙafarka na sama, ka taka kuloci ta yi shiru, to boris ɗin cikin giyabos ne.

Ga wata alama da tsofaffin direbobi suka sani. A yawancin motocin nan giya ta huɗu kai tsaye take, ƙarfi yana shiga ta gaba ya fita ta baya ba tare da ya bi ta sandar ƙasa ta cikin akwatin ba. Saboda haka in mota tana kuka a ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ta yi shiru a ta huɗu, ba sai an yi duba ba, sandar ƙasan nan ce ko boris ɗinta. Irin wannan mota takan daɗe tana aiki in ana kula da manta, ba a kuma cika mata lodi. Amma giyar da ke ƙwas, ƙwas, ƙwas a kai a kai cikin giya ɗaya tak, haƙori ne ya karye, kuma guntunsa yana yawo cikin mai yana neman inda zai shiga.

Mai motar otomatik, shi ba ya wannan gwaji, kada kuma ya gangara da ita a firi. Nasa shi ne ya duba man giya. Ja ne garau in yana da lafiya. In ya yi baƙi yana ƙauri, a kai ta wurin wanda ya san irinta.

FARFELA

A nan nake so mu daɗe, domin a ganina farfela ce aka fi zalunta a ƙasar nan, kuma ita ce ta fi saurin ramawa.

A kowane bakin farfela akwai gwiwa, wadda ke bari ta lanƙwasa sa'ad da aksul ke hawa da sauka a kan hanya. Makanikai na kiranta kuros, domin ƙarfen cikinta a gicciye yake, da hannu huɗu. Kowane hannu yana cikin ɗan kofi, kofin kuwa cike yake da 'yan ƙananan ƙarafa sirara kamar allurai. Abincin alluran nan giris ne, ba su da wani. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan fadama ya wanke, zafin bazara ya narkar da sauran, sai su bushe.

Kukanta hawa uku ne. Da fari tsuwwa ce kamar ta ɗan tsako, tsiyau tsiyau, in mota na tafiya a hankali, musamman a ribas. In gudu ya ƙaru ba ka jinta. A wannan hali giris kaɗai yakan isa, in an yi sa'a. Hawa na biyu shi ne ƙwal guda ɗaya sa'ad da ka saki kuloci za ka tashi, ko ka ɗaga ƙafa daga totur ka sake takawa. Wannan ya nuna allurai sun cinye, kuros yana wasa. Hawa na uku karkarwa ce, wadda kake ji a kujera da ƙasan mota, ba a sitiyari ba, tana tsananta in gudu ya kai kamar kilomita 60 zuwa 80. Daga nan sai tsinkewa. In kuwa gwiwar gaba ta farfelar baya ce ta tsinke ana cikin gudu, bakin farfela yakan faɗi ya caki ƙasa, yana iya ɗaga bayan motar ko ya fasa akwatin rabo, ko ya tsinke bututun birki. Motar da ta kai hawa na uku ba a ɗora mata buhu ko ɗaya, balle mutane.

Dubawa ba wuya. A tsai da mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a sa duwatsu gaba da bayan ƙafafu, a sa ta a firi, a saki birkin hannu. Sa'an nan ka shiga ƙarƙashi ka kama farfela da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riƙe bakin aksul, ka murɗa dama da hagu, ka kuma girgiza sama da ƙasa. Gwiwa mai lafiya ba ta motsi ko kaɗan. Ka duba bakin kofunan. In ka ga jan gari kamar an barbaɗa jan ƙasa, tsatsa ce ta allurai, an gama. Ka taɓa notocin da suka ɗaure farfela, guda huɗu ne a kowane baki a yawancin motocin nan, domin noti ɗaya da ya kwance yakan yi kukan da za a zaci na aksul ne. Ka duba tsakiyar farfela inda take shiga cikin juna tana tsawo tana gajarta, nan ma yana son giris kuma yana yin wasa in ya tsufa.

Wajen sakewa, abu biyu nake roƙon mai mota ya tsaya a kansu da idonsa. Na ɗaya, kafin a kwance a yi alama da fenti ko alli, a mai da komi yadda aka same shi. Farfelar da aka zare aka mayar a karkace, kunnuwan gaba da na baya ba su daidaita yadda maƙera suka sa su ba, za ta yi karkarwa ko da kuros sabo ne fil. Na biyu, kofunan nan matsa su ake yi a hankali, ba dukan kawo wuƙa da guduma ba. Allura ɗaya in ta kwanta a gindin kofi, zoben da ke riƙe shi ba zai zauna ba, yaron gareji kuwa sai ya ƙara duka. In an gama, gwiwa ta riƙa lanƙwasa a hannu ba tauri. A zaɓi kuros mai bakin shan giris. A riƙa ba shi giris duk sa'ad da aka yi juyen baƙin mai, da kuma duk ranar da aka ratsa ruwa mai zurfi, ana matsawa har sai sabon giris ya ɓullo ta kofuna huɗun duka.

Wani lokaci kuma ba kome ba ne illa taɓon fadama da ya bushe a gefe ɗaya na farfela, ko igiyar buhu da ta nannaɗe. A kankare kafin a kashe ko kwabo.

AKSUL

Kukan aksul kamar na iska ne a bakin kwalba, wuuu, yana hawa da gudu. In yana fitowa sa'ad da kake taka totur, ya ɗauke in ka saki, yawanci haƙoran kurawun da finiyo ne suka ci juna. In kuwa sai ka ɗaga ƙafa yake fitowa, a fi zargin boris ɗin finiyo, ya yi sako-sako. Ka kama bakin aksul inda farfela ta haɗu da shi ka ɗaga sama. Bai kamata ya motsa ba. Juyawa kaɗan dama da hagu ba laifi, dole ne haƙora su sami 'yar tazara, amma in ya yi yawa shi ma yana kawo ƙwal ɗin nan na tashi.

Aksul mai wuuu a hankali, manta cike kuma garau, yakan yi shekara yana wannan waƙa bai karye ba. Wanda ke ƙara murya kowane mako, ko yake gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, ko tulunsa ya yi zafin da hannu ba ya iya tsayawa a kai, wannan ba na jira ba ne.

Masu tsohuwar Land Rover, wadda aka yi kafin Defender, sun san wani abu kuma. Ana cikin ja a yashi da lodi sai a ji ƙau, inji na ihu mota ba ta motsi. Sandar aksul ta baya ce ta karye. In aka danna giyar taimako, ƙafafun gaba za su ja ta zuwa inda za a gyara, a hankali, amma lalle a fitar da guntun ƙarfen da ɓarɓashinsa duka daga cikin tulu.

ƘAFA DA TAYA

Boris ɗin ƙafa gurnani yake, gurrr, kamar jirgin sama na nesa. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa dama, don haka in kukan ya ƙaru a nan, yawanci na dama ne. A ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kuma juya ta a saurara. Bayan tafiya mai nisa ka zagaya ka taɓa cibiyar kowace ƙafa da bayan hannu. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ita ce. Yawancin tsofaffin motocin nan boris ɗinsu na gaba noti biyu ke riƙe shi, ana iya wanke shi a cika da giris a ɗaure. Sai dai ɗaurin na da ƙa'ida, wanda aka matse da yawa ya fi sako-sako saurin ƙonewa.

Taya mai manyan ƙwayoyi ita ma tana gurnani a kan kwalta, har a zaci boris ne. Gane ta da sauƙi, ka sauka kan ƙasa, in kukan ya ɓace ko ya sake, taya ce.

In kuwa ƙaf ƙaf ƙaf kake ji daga gaba sa'ad da ka murɗe sitiyari duka kana tafiya, musamman da giyar taimako a ciki, to gwiwar sandar ƙafar gaba ce. A Pajero da ire-irenta roba ce ke rufe gwiwar nan, kututturen dawa da ƙaya kuwa ba su bar roba lafiya. Roba ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Wanda ya leƙa ya ga yagewar da wuri, roba kaɗai zai saya. A Land Rover da manyan Land Cruiser gwiwar tana cikin wani ƙwallon ƙarfe ne a bayan ƙafa. In ƙwallon ya yi tsatsa ya yi rami-rami, ko kullum yana zub da baƙin ruwa, a duba.

GIYAR TAIMAKO A KAN KWALTA

Wannan laifin direba ne, ba na mota ba. A yawancin tsofaffin jif, in an sa giyar taimako farfelar gaba da ta baya suna kulle ne da juna, dole su juya daidai. Ƙafafun gaba kuwa sun fi na baya cin nisa a kowace kwana. A yashi ko taɓo taya takan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta ba zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗe juna. Alamarsa, sitiyari ya yi nauyi, taya na ƙugi a kwana, mota na tsalle kaɗan kaɗan, sandar giyar ta ƙi fita, wani lokaci a ji gau kamar an harba bindiga. Direba ya fito daga fadama ya hau titin Sakkwato bai cire ba, kafin ya iso gari ya ci rabin ran kuros da aksul. In ta ƙi fita, ka yi ribas kaɗan a miƙe, ko ka sauka da ƙafa biyu kan ƙasa, za ta saki. A tsohuwar Land Rover, ƙulli mai ruwan ɗorawa da ake dannawa ba ya tashi sai an tsaya an ja jar sanda baya an mai da ita gaba.

Defender dabam take, ita kullum ƙafa huɗu ke ja, tana da abin da ke daidaita gaba da baya a cikin akwatin rabo. Amma ita ma tana da makulli, in aka kulle aka hau kwalta, ciwon ɗaya ne. Haka nan taya huɗu su zama girma ɗaya. Sabuwa babba a baya, ƙarama sudaɗɗiya a gaba, wannan murɗar ce ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Akwatin rabo na wasu motoci, kamar Pajero, sarƙa ce a ciki. In ta tsufa ta saki, sai a ji tas tas tas in an taka totur da ƙarfi cikin giyar taimako, sarƙar ce ke tsallake haƙori.

MAI DA RUWA

Kowa na tuna baƙin man inji, amma ƙarƙashin jif akwai wurare huɗu masu shan mai da ba a tunawa da su: giyabos, akwatin rabo, tulun gaba, tulun baya. Kowanne yana da noti biyu, na zubawa a gefe, na juyewa a ƙasa. Mota na tsaye a daidai, in an kwance na gefe mai ya kamata ya kasance a bakin ramin, yatsa ya taɓo shi. Kullum a fara kwance na gefe. Wanda ya juye mai sa'an nan ya tarar na zubawa ya ƙi kwantuwa, ya shiga uku.

Ka dubi abin da ya fito. In ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Ga yadda yake shiga. A saman kowane aksul akwai 'yar ƙofar numfashi. Mota ta yi tafiya tulu ya yi zafi, ta faɗa ruwa mai sanyi a mashigin rafi da damina, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta ƙofar nan ko ta bakin roba. Mai da ruwa kuwa ba su riƙe haƙori. Manoman bakin gulbin Rima su fi kowa lura da wannan. Dabara ita ce a sa wa ƙofar dogon tiyo a ɗaure bakinsa can sama a jikin mota. In kuma laka ta toshe ƙofar, zafi sai ya turo mai waje ta bakin roba har ya jiƙa birki. Sau nawa aka sake roba sau biyu, sau uku, alhali tsinke ɗaya da kananzir za su buɗe ƙofar!

Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu. Laushin baƙin gari a kansa ba kome, tsufa ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, ko guntu kamar ƙwayar shinkafa, wannan haƙori ne ko boris.

Man aksul shi ne mai kauri mai lamba 90, wanda aka rubuta GL-5 a jikin galan. Giyabos da yawa GL-4 suke so, domin akwai zobban tagulla a ciki. Kada kuma a ɗauka kowane giyabos mai kauri yake sha. Na Land Rover mai giya biyar da ake kira LT77, jan mai irin na otomatik aka ƙa'ida masa, in aka ɗura masa lamba 90 giya sai ta yi tauri da sanyin safiya. A tambayi littafin motar.

Mai shirin sayen tsohuwar jif, ga gargaɗi. Tsohuwar dabara ce a cusa giris mai kauri ko garin katako cikin tulu don kuka ya kwanta ranar ciniki. Ka sa a kwance notin gefe a gabanka, ka sa yatsa.

IN ZA A SAYI KAYAN GYARA

Kurawun da finiyo tare ake sake su, domin tare aka wasa su tun daga maƙera. Ɗaura su kuwa aikin gwani ne, ana auna tazarar haƙora, ana shafa musu launi a juya a ga inda suke taɓa juna. Makanikin da ya ce zai kashe kukan aksul da ƙara matse notin finiyo kawai, kwana kaɗan zai saya maka, boris ya ƙone. Shi ya sa da yawa suka gwammace su sayi cikin tulu ɗungum na hannu, irin wanda ake kwancewa daga motocin waje. Ba laifi, amma a ƙirga haƙora. Na tsohuwar Land Rover kurawun 47 ne finiyo 10, na Defender kuwa 46 da 13, ga shi kuma a ido kamarsu ɗaya, har wani yakan zauna a mazaunin wani. In na gaba da na baya suka saba, ranar da aka sa giyar taimako ranar wani abu zai karye. Land Cruiser ma iri-iri ne, akwai mai 37 da 9, akwai wasu. Ka tafi kasuwa da tsohon naka a buhu, a ƙirga a gabanka. Ka kuma karɓi duk abin da aka cire daga motarka ka gani da idonka, ko ya lalace ko bai lalace ba.

Saura kashedi ɗaya, shi kuwa na rai ne. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da ƙarfen tokara ko gungumen itace mai ƙwari. Bulo na siminti yakan fashe ba sallama. Birkin hannu na Land Rover, da na tsofaffin Land Cruiser na farko, ba ƙafafu yake kamawa ba, farfela yake kamawa a bayan akwatin rabo. In ka ɗaga ƙafar baya ɗaya, ko ka kwance farfelar baya, motar tana iya gangarawa ko da birkin hannu a ja. Duwatsu a ƙafafun da ke ƙasa, gaba da baya, kafin a taɓa jak. Motar da ƙafa huɗu ke ja kullum kuwa, ba a ɗaga ƙafa biyu a sa mata giya don a saurari kuka, za ta sauko daga kan jak ta yi gaba.

Alhajin nan na Gidan Dare, kafin la'asar an ɗaura masa boris an cika tulun baya da mai, domin shi ma an tarar ya yi ƙasa. Tsohon giyabos ɗinsa kuwa ya sa yaro ya ɗora masa a bayan mota, ya ce zai ajiye a zaure.